Daga Ƙyauren Kabuga zuwa Ƙyauren Bebeji: Nazarin Ziyarar Kayan Yaƙi a Gidan Makama ta Fuskar Kudancin Kano

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda ɗalibin harshe da al'adun Hausawa ya kamata ya ziyarci wurin da aka adana kayan yaƙi, tare da ɗaukar Gidan Makama na birnin Kano a matsayin misali. Maƙalar ta ɗora bayaninta a kan ƙasar kudancin Kano, wato Ƙofa da Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, domin ta nan ne rundunar Turawan Ingila ta ratso a shekarar 1903, kuma wannan ɓangare ne ya sha fama da hare-haren Ningawa a ƙarni na 19. An yi amfani da rubutattun tarihin Kano, da rahotannin jami'an mulkin mallaka, da kalmomin Hausa masu alaƙa da yaƙi. An gano cewa kayan da aka jera a gidan tarihi kaso ɗaya ne cikin uku na shaidar da ake buƙata. Sauran biyun su ne kalmar da ake kiran kayan da ita, da kuma filin da aka yi amfani da su. Maƙalar ta ba da shawarar a riƙa haɗa ziyarar birni da ziyarar garuruwan iyaka.

Fitilun kalmomi: gidan tarihi, kayan yaƙi, ganuwa, Bebeji, tarihin baka

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya ce gani ya kori ji. Da wannan hujja ce makarantu da jami'o'i suke kwasar ɗalibai zuwa gidajen tarihi, su zagaya ɗaki-ɗaki, a nuna musu takobi da sulke da garkuwa, a ɗauki hotuna, a koma. Sai dai a fagen tarihin yaƙi, gani kaɗai bai isa ya kori ji ba. Takobin da ke rataye a bango ba ya faɗin wanda ya ƙera shi, ko wanda ya rataya shi, ko a wace daga aka zare shi. Idan ɗalibi bai zo da jin da zai fassara masa abin da idonsa ya gani ba, zai fita da sha'awa, amma ba tare da ilimi ba.

Gidan tarihi da aka keɓe wa yaƙi kacokan sabon abu ne a duniya. A Ingila an kafa babban gidan tarihin yaƙi na Landan a shekarar 1917, ana tsaka da Yaƙin Duniya na Ɗaya. A Nijeriya kuwa, wanda ya fi shahara shi ne na Umuahia a jihar Abiya, wanda aka kafa a 1985, kuma akasarin abin da ke jan mutane zuwa can shi ne kayan yaƙin basasar 1967 zuwa 1970, irin su motocin sulke da bama-baman da aka ƙera a ɓangaren Biyafara. Ga mai nazarin ƙasar Kano, wurin da ya fi kusa da wannan manufa shi ne Gidan Makama. Ba gidan tarihin soja ba ne zalla, amma a cikinsa ne ake samun kayan yaƙin gargajiya da ƙyauren ƙofofin birni da hotunan farkon zamanin Turawa a wuri guda.

Tambayar da wannan maƙala ta ɗauka ita ce: idan ɗalibi ɗan Ƙofa ko Kiru ko Tudun Wada ya shiga Gidan Makama, ta yaya zai karanta abin da ke gabansa har ya hangi tarihin garinsu a ciki?

2.0 Gidan Makama da Abin da Baƙo Ke Gani

Gidan Makama yana daura da fadar Sarkin Kano, ta ɓangaren Ƙofar Kudu. Tarihi ya danganta gininsa da ƙarni na 15, zamanin da Muhammadu Rumfa yake riƙe da sarautar Makama, kafin ya hau gadon sarauta a 1463. Bayan zuwan Turawa an yi amfani da gidan a matsayin ofis na wani lokaci, daga baya wani sashe ya zama makaranta, wani kuma ya zama wurin adana kayan tarihi a ƙarƙashin hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa. Saboda haka ginin kansa abin nazari ne tun kafin a dubi abin da ke cikinsa.

Daga cikin abubuwan da suka fi ɗaukar hankalin baƙo akwai ƙyauren Ƙofar Kabuga da na Ƙofar Waika. Na Kabuga shi ne mai dogon labari, domin ta wannan ƙofa ce sojojin Turawa suka samu shiga birni ranar 3 ga Fabrairu, 1903. Daga nan sai baƙo ya ci karo da kayan mayaƙa: sulke da kwalkwali da garkuwa da masu da kwari da baka da bindigogi na dā. A nan ne darasi na farko yake: kowane ɗaya daga cikin waɗannan kaya yana da lokacin da ya shigo ƙasar Kano, kuma littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya adana wasu daga cikin waɗannan lokuta.

A cewar wannan littafi, Sarki Gijimasu (1095–1134) ne ya fara ginin ganuwar birni. Sarki Kanajeji (1390–1410) ne ya fara shigo da lifidi da kwalkwalin ƙarfe da sulke. A zamanin Kumbari (1731–1743) aka ambaci zuwan garkuwa daga Nufe tare da bindigogi, sannan Babba Zaki (1768–1776) ne ya fara ajiye 'yan bindiga a matsayin masu tsaron sarki. Ke nan kayan da baƙo zai gani jere a ɗaki ɗaya, tsakanin wani da wani akwai tazarar shekara ɗari uku ko fiye. Wanda bai san wannan ba zai ɗauka duk kayan zamani ɗaya ne, wanda ake kira "zamanin dā" a dunƙule.

3.0 Shaida ta Farko: Kaya

Kowane makami amsa ce ga wata matsala. Lifidi riga ce mai kauri da ake cusa wa audugar rimi, a lulluɓe doki da mahayinsa. Amfaninsa shi ne tare kibiya, musamman mai dafi, wadda maharba ke shafa wa gubar da ake haɗawa da 'ya'yan kwankwani. Nauyinsa ya sa 'yan lifida ba su da sauri, don haka aikinsu shi ne keta sahun abokan gaba da kare sarki. Rauninsa kuma wuta ce, shi ya sa kibiyar wuta ta zama maganinsa. Sulke kuwa saƙa ce ta zobban ƙarfe da ke tare saran takobi, kuma tsadarsa ta sa sai sarakuna da manyan barade ke mallakarsa ko bayar da shi ga yaransu. Dakaru, waɗanda su ne mafi yawa a kowace runduna, abin da suke riƙewa baka ne da kwari, ko mashi da garkuwar fata, ko gatari da gora.

Wannan yana nuna wani gibi da ya kamata mai ziyara ya lura da shi. Abin da ke jure wa zamani shi ne ƙarfe, kuma ƙarfe kayan masu hali ne. Bakan talaka na itace ne, tsarkiyarsa ta fata ce, kibiyarsa ta kara ce, duk gara da damina sun gama da su. Sakamakon haka, kowane gidan tarihin yaƙi yakan karkata ga barde ya bar dakare, ba da niyyar masu kula da gidan ba, sai don abin da ya tsira ke nan. Manoman garuruwan kudu da suka tsaya a kan badala suna tare hari suna cikin wannan kaso da kayansu ba su cika tsira ba.

4.0 Shaida ta Biyu: Kalma

A nan ne masanin Hausa yake da abin da masanin kayan tarihi ba lallai ya kasance da shi ba. Harshe ma gidan ajiya ne, kuma ya adana abubuwan da gara ta cinye. Ana iya kasa kalmomin yaƙi gida huɗu.

Na farko, sunayen makamai da rabe-rabensu. Hausa ba ta tsaya a "takobi" da "garkuwa" ba. Akwai kansakali da bisalami a jinsin takubba, akwai asigiri a jinsin masu, akwai kutufani da kunkeli a jinsin garkuwa, akwai barandami a jinsin gatura. Ƙamusun Bargery na 1934 ya tattara irin waɗannan kalmomi a lokacin da waɗanda suka yi amfani da kayan suke raye. Idan allon bayani ya ce "garkuwa" kawai, aikin ɗalibi ne ya tambaya: wace iri?

Na biyu, sarautu. Madaki da Barde da Jarmai da Garkuwa da Sarkin Yaƙi da Sarkin Dawaki duk sunayen muƙaman soja ne tun asali. Hawan Salla da ake yi a Kano, inda ake ganin 'yan lifida da 'yan sulke da 'yan bindiga da dawakin zage, kuma hakimai su yi jahi a gaban Sarki, ya riƙe fasalin fitar runduna. Ana iya cewa lifidin da ke kwance a Gidan Makama yakan tashi ya yi tafiya sau biyu a shekara a Ƙofar Kudu.

Na uku, kalmomin da suka bar fagen fama suka shiga maganar yau da kullum. Ana cewa an ja daga a wurin muhawara, ana cewa 'yan siyasa sun raba ganima, likita yana maganar garkuwar jiki, 'yan gudun hijira suna zaune a sansani, ɓarayi sun yi kwanton ɓauna, 'yan sanda sun yi wa gida ƙawanya. Karin magana ma ya ce yaƙi ɗan zamba ne.

Na huɗu, kalmomin da suka zo tare da sojan Turawa: soja da bariki da saje da kofur da samanja da kyaftin da manjo da kanar. Mafi ban sha'awa a wannan rukuni ita ce "bindiga mai ruwa", sunan da Hausawa suka raɗa wa bindigar Maxim. Bindigar tana da tulun ruwa kewaye da bakinta domin sanyaya shi, kuma tana iya fitar da harsashi 500 zuwa 600 a minti ɗaya. Wanda ya raɗa wannan suna ya ƙare wa bindigar kallo sosai. Sunan da kansa shaida ce ta yadda Bahaushe ya fahimci makamin da aka ci ƙasarsa da shi.

5.0 Shaida ta Uku: Wuri

5.1 Kudancin Kano a Matsayin Iyaka

Kafin 1903 kudancin Kano ƙasar iyaka ce ta fuska biyu. Ta kudu maso yamma akwai hanyar fatake zuwa Zazzau, wadda ta bi ta Bebeji. Hugh Clapperton ya bi wannan hanya a 1826, kuma ya bayyana Bebeji a matsayin babban gari mai ganuwa. Ta kudu maso gabas kuwa akwai duwatsun Ningi, inda Malam Hamza da jama'arsa suka koma bayan sun bar Tsakuwa a wajajen 1846 saboda saɓani a kan haraji. Daga can magadansa suka yi shekaru suna kai hari ƙasar Kano, musamman a zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi (1855–1882), wanda ya sha fita yaƙi da su. Ƙasashen Tudun Wada da Rano da Sumaila suna cikin waɗanda suka fi ɗanɗana wannan wahala, kuma dajin da a yau ake kira Falgore ya kasance mafaka da hanya ga mahara.

Maganin da jama'a suka yi wa wannan hali shi ne taruwa a garuruwa masu kariya. Babban gari yana da ganuwa ta ƙasa, da badala ta ciki inda maharba ke tsayawa, da rami ta waje, da sarƙaƙiyar ƙaya a bayan ramin. Ƙaramin gari kuwa kafi yake yi da itatuwa. Wannan tsari ya bar sawunsa a taswira. Kafin Maiyaƙi a ƙasar Kiru, da Garun Malam da Garun Babba a maƙwabtaka, sunaye ne da ke ɗauke da kalmomin kariya. Sunan Ƙofa ma kalma ce daga wannan rumbu, kuma dalilin raɗa shi yana cikin abubuwan da ya kamata a tattaro daga bakin dattawan garin. Littafin Mary Smith na 1954 a kan rayuwar Baba, wadda ta tashi a yankin Zarewa a kudu maso yammacin Kano, ya nuna yadda mata da yara suka rayu da fargabar mahara da neman kuɗin fansar waɗanda aka kama. Wannan ɓangare ne na tarihin yaƙi da ba shi da kayan da za a rataya a bango.

5.2 Abin da ya Faru a Bebeji

A watan Oktoba na 1902 Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney, ya gudo Kano, inda Sarki Alu Babba ya karɓe shi da girmamawa. Wannan na cikin hujjojin da Frederick Lugard ya kafa na kai wa Kano yaƙi. Ranar 29 ga Janairu, 1903, Kanar Morland ya tashi daga Zariya da hafsoshi 24, da ƙananan hafsoshi Turawa 12, da sojoji baƙar fata 722, da igwa 4, da bindiga mai ruwa 4. A lokacin Sarki Alu yana Sakkwato tare da yawancin manyan hakimansa da dawakinsu.

Garin farko da ya rufe musu ƙofa shi ne Bebeji. Rahoton Lugard ya nuna cewa Kyaftin Abadie, Razdan na Zariya, ya yi magana da mutanen garin a kan su buɗe, suka amsa cewa umarnin Sarki ne kada a buɗe. Sai aka juya igwa ga ƙyaure. Harbin ya fasa ƙofar, ya kashe Sarkin Bebeji da wasu manyansa da ke tsaye a bayanta, kuma kimanin mutum 30 suka rasu. Labarin ya riga rundunar isa gaba, don haka sauran garuruwan da ke kan hanya ba su ja daga ba.

Ranar 3 ga Fabrairu rundunar ta iso Kano. Ƙofar da suka fara gwadawa ta gagare su, domin an gina ta a lungu ta yadda igwa ba ta samunta kai-tsaye, kuma kaurin ganuwar ya shanye harsasai. Sai suka koma Kabuga suka fasa. Sarkin Shanu, ɗaya daga cikin waɗanda aka bar wa tsaron gari, yana cikin waɗanda suka rasu. Rahoton Turawa ya ƙiyasta mamatan Kano da kimanin 300, alhali a nasu ɓangaren mutum 14 ne suka ji rauni. A ƙarshen watan aka kashe Waziri Ahmadu a Kwatarkwashi, ranar 15 ga Maris Sakkwato ta faɗi, a watan Afrilu aka naɗa Wambai Abbas Sarkin Kano, sannan ranar 27 ga Yuli aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi.

Abin lura a nan shi ne, darasin da aka koya a Kabuga an riga an karanta shi a Bebeji kwanaki kaɗan kafin nan: igwa ba ta iya rusa ganuwar ƙasa cikin sauƙi, amma ƙyaure ba ya iya tsaya mata. Tsarin da ya kare garuruwan kudu daga dawakin Ningawa shekara da shekaru an gina shi ne domin tare kibiya da mashi da doki. Ƙyauren da baƙo ke tsayawa a gabansa a Gidan Makama shi ne na biyu da aka fasa a wannan tafiya. Labarin na farkon yana cikin rahotanni da littattafan masana irin su D. J. M. Muffett (1964) da Adamu Fika (1978), da kuma bakin mutanen Bebeji.

6.0 Tambayar da Ba a Cika Yi Ba

Su wane ne sojoji 722 da suka biyo Morland? Da yawansu Hausawa ne ko masu jin Hausa. Tun a 1863 John Glover ya kafa ƙaramar rundunar Hausawa a Legas, kuma lokacin da aka kafa rundunar tsaron iyakokin Afirka ta Yamma a 1897 a ƙarƙashin Lugard, Hausa ta zama harshen bariki. Saboda haka a bakin ganuwar Bebeji ana jin Hausa a ciki da waje. Magadan wannan runduna ne suka je Bama a Yaƙin Duniya na Biyu, suka je Kwango a farkon shekarun 1960, kamar yadda sunan Barikin Chindit a Zariya da Barikin Bukavu a Kano ke tunatarwa. Sojan Nijeriya na yau daga wannan tsatso ya fito.

Wannan gaskiya ce mai nauyi, kuma ziyarar ilimi ba ta kauce mata. Ɗalibin da ke alfahari da wanda ya mutu a bayan ƙyaure, mai yiwuwa ne kakansa na wani ɓangaren yana cikin masu jan igwa ko 'yan dakon da suka ɗauko harsasanta. Gidan tarihin yaƙi da ya raba mutane gida biyu, jarumai da maƙiya, ya sauƙaƙa abin da ba shi da sauƙi.

7.0 Sakamako da Shawarwari

Daga abin da ya gabata an fahimci abubuwa uku. Na ɗaya, kayan da suka tsira sun fi wakiltar barade da fada fiye da dakaru da ƙauye. Na biyu, harshen Hausa ya adana rabe-raben makamai da muƙamai da dabarun kariya fiye da yadda allunan bayani ke nunawa. Na uku, tarihin yaƙin 1903 a ƙasar Kano ya fara ne daga kudu, kuma fahimtar faɗuwar birni ba ta cika sai an haɗa da Bebeji.

Bisa haka, ana ba da shawarar malami ya kasa ziyara zango uku. Kafin tafiya, ɗalibai su tattara kalmomin yaƙi daga ƙamus da kirari da karin magana. A gidan tarihi, kowane ɗalibi ya ɗauki abu ɗaya ya nemi amsar tambayoyi huɗu a kansa: mene ne sunansa na ainihi, wa ke ƙera shi, wane ajin mayaƙi ne ke riƙe shi, kuma ta yaya ya zo wannan ɗaki. Bayan ziyara, a fita zuwa Bebeji da Ƙofa da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, a bi sawun ganuwa inda ya saura, a rubuta sunayen ƙofofi da unguwanni, a naɗi bayanan sarakunan ƙofa da maƙera da maharba da makaɗa da tsofaffin mata. Ya kamata sassan Hausa da na Tarihi a jami'o'in Kano su ajiye abin da aka naɗa, su kuma ba Gidan Makama kwafi, domin a samu allunan bayani da ingantacciyar Hausa.

8.0 Kammalawa

Aikin yana da gaggawa. Waɗanda suka ga 1903 da idonsu sun daɗe da ƙarewa, waɗanda suka ji daga bakinsu kai-tsaye su ma sun tsufa. Ganuwar ƙasa kuwa kowace damina tana rage ta, masu gini suna ɗibar abin da ya saura, gonaki da gidaje suna hawa kan ramukanta. Ƙyauren Kabuga ya samu rufi da mai gadi. Abin da ya rage na Bebeji da 'yan'uwanta yana cikin sunan unguwa, da tudun da ya ratsa gonar wani, da ƙwaƙwalwar dattijon da ba a riga an je an tambaye shi ba. Ziyarar da aka fara a zauren Gidan Makama tana ƙarewa ne a can.